Hiramin Malam Almu

Duk wanda ya taɓa ba wa Raudha aikin haɗa kwamfuta a shagonta na Titin Ibrahim Taiwo ya san halinta: sai ta kwana biyu tana gwada injin kafin ta miƙa maka. Ni ba ni da haƙuri, na yi mata masifa son raina, har na ce ko ƙwai take dafawa a ciki. Ko murmushi ba ta yi ba. Obinna, mai sayar mata da kayan haɗi a Sabon Gari, shi ya ba ni labarin daga baya, kuma wallahi na ji kunya.

'Yar marigayi Malam Almu ce na Rijiyar Lemo, wanda ya shekara talatin yana karantar da fiƙihu a zaurensa. Ya bar littattafai da kaset arba'in da ɗaya na karatunsa. Kaset ɗin sun tsufa, wani ana jin sa sau ɗaya zaren ya tsinke. Don ta kwashe muryar mahaifinta kafin ta salwanta ne Raudha ta haɗa kwamfutarta ta farko, da hannunta, a tsakar ɗaki.

Tace ƙarar da ke cikin tsohon sauti aiki ne mai cin lokaci, ita kuwa akwai gaggawa. Sai ta ƙara wa injin gudu fiye da yadda aka ƙera shi, ta ƙara masa wuta. Da ya riƙa kashe kansa saboda zafi, ta ɗaga iyakar da yake kashewa. Ga shi akwatin da ke raba wutar ma na hannu ta saya.

"Malama, nan Kano ce, kuma Afrilu muke ciki," in ji Obinna. "Ki ɗora masa aiki mai nauyi awa takwas, idonki na kan zafinsa. Ya kai casa'in, ki kashe. Kar ki zuba komai a ciki sai ya ci wannan jarrabawar."

Ta ce to, ta dawo gida ta yi akasin haka. Sati uku tana juye kaset, tara daga ciki suka tsinke bayan an gama juye su, ba su da sauran wuri a duniya sai cikin injin nan. Shi kuma ya fara nuna hali. Fankarsa ta canza kuka. Sau biyu hoto ya daskare. Wata rana ta taɓa bayansa ta janye hannu da sauri. Tsoro ya kama ta.

Ranar wata Asabar da hantsi ta fara gwajin. Zafin ya kai saba'in da takwas. Tamanin da ɗaya. Tamanin da huɗu, ya tsaya nan yana huci. A lokacin ta tuna ba ta ajiye kwafi ko ɗaya a wani wuri ba. Maimakon ta tsayar da gwajin, sai ta bar shi a kan wutar sola, ta ce bari ta ruga Sabon Gari ta sayo faifan ajiya na biyu, minti arba'in ta dawo. Motocin kaya suka tsare hanya a wajen Kasuwar Singa.

Mahaifiyarta, Inna Ummakulsum, ta shiga ɗakin shara. A gidan nan ba a barin abin da ke ɗauke da karatun Malam a buɗe, kowane littafi da ƙyallensa. Ta ga akwatin kwamfutar a tsaye tsirara, ta kuwa san muryar mijinta na ciki. Ta ɗauko hiraminsa mai kauri ta lulluɓe shi, ta cusa gefunan ƙasa sosai don kar ƙura ta samu kafa, ta ja ƙofa.

Tun daga zaure Raudha ta jiyo ƙauri kamar na roba. Akwatin wutar ya ƙone, ya tafi da faifan ajiyar da ke cikin injin. Kwana uku Obinna yana fama da shi, ƙarshe ya ajiye mata a kan tebur ya girgiza kai.

Cikin taran nan har da wanda Malam ya katse karatu ya ɗaga murya, "Ummakulsum, a kawo wa baƙi ruwa mana!" sannan ya yi dariya. Shi kaɗai Inna take nema. Raudha ta ninke hiramin ta ɓoye tabon ƙunar a ciki, ba ta taɓa faɗa mata ba. Ta ce wa Obinna laifinta ne ita kaɗai, tsohuwa girmamawa ta yi.

Shekara huɗu ke nan. Ranar da na je karɓar tawa kwamfutar, ina tsaye wayarta ta yi ƙara, na jiyo muryar tsohuwar.

"Raudha, yaushe za ki kunna min na ruwan nan?"

Raudha ta juya min baya.

"Ana kan gwada injin, Inna. Bai gama ba tukuna."