Wa Ke Riƙe da Makullin Gidan Inna?

Bana shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, wadda mu da jikoki da rabin unguwa muke kira Inna. Ta yi tsawon rai har ta goya tattaɓa-kunne, ta cika a ɗakinta a cikin birnin Zariya, wajen Ƙofar Gayan. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, mu 'ya'yanta bakwai mukan shiga gasar tura hotonta a waya, kowa da doguwar addu'arsa. Ni na fi kowa tsara zance, da yake koyarwa ce sana'ata. Bana kuwa na ɗauki wayar na ajiye, kunya ta hana ni.

Inna ba mai dukiya ba ce, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi. Amma ban taɓa ganin ƙofar gidanmu a kulle da rana ba. Mutanen ƙauyukan da take sayen gyaɗa a wurinsu sun mai da gidan masauki. Mai zuwa asibiti, mai sayayyar aure, wadda mota ta bari, duk a wurinmu suke kwana. Muna yara haushi muke ji, don sai ka dawo daga makaranta ka tarar wata tsohuwa ta miƙe a tabarmarka, tuwonka ma an raba biyu. In muka yi gunaguni sai Inna ta ce, "Ku yi haƙuri, ba su da wani gida a birni sai wannan."

Bayan rasuwarta kowa ya kama gabansa, wasu Kaduna, wasu Abuja, ni ina Tudun Jukun. Autanmu ne ya rage a gidan, bara shi ma ya gama gininsa ya tashi, aka maƙala kwaɗo. Babbanmu, Yaya Bala, ya kawo shawarar a sayar, tunda ginin ƙasa ne, yana ta zubewa. Duk muka ce to, har da ni.

A daminar nan Malam Sani, telan da ke maƙwabtaka da gidan, ya kira ni. "Hajiya, kuna da baƙi a ƙofar gida tun hantsi, ga hadari ya haɗu."

Na je na tarar da Baba Tsahare, tsohuwar da ta daɗe tana kawo wa Inna gyaɗa, zaune a dakali. Tare da ita akwai matar jikanta da tsohon ciki, an ce su zo asibiti washegari da sassafe. Ga kaza a ɗaure, ga ƙullin daddawa, tsarabar masu gida. Ta san Inna ta rasu, da ita aka yi zaman makoki. Abin da ba ta taɓa kawowa a ranta ba shi ne gidan ma zai iya rufuwa.

Na ce bari in buɗe musu, sai na tuna ba ni da makulli. Na kira auta, ya ce ya ba Yaya Bala. Yaya Bala ya ce yana jin yana wurin Yaya Asabe. Ita kuma ta rantse ba ta taɓa ganinsa ba. Haka na bi 'yan'uwana ɗaya bayan ɗaya, a gaban tsohuwar nan, ruwa ya fara sauka. Mu bakwai, da digirorinmu da motocinmu, babu wanda ya san inda makullin gidan uwarsa yake. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Malam Sani ne ya kawo guduma ya fasa kwaɗon. Tsakar gida duk ciyawa, murhun Inna ya rushe, kaskon suyarta a kife. Na tsaya a zaure ina kallo. Baba Tsahare ta wuce ni, ta cire takalmi a bakin tsakar gida kamar yadda ta saba, ta ɗaga murya.

"Salamu alaikum, masu gida."

Ta tsaya tana jira. Ba a shiga gidan mutane sai an amsa. Na duba ɗakin Inna, babu ko labule. Sai na gane in ban amsa ba, babu mai amsawa. Daga bayan Baba Tsahare na amsa, na ce ta shigo.

Da Inna za ta ga zamanin nan, ba na jin katangunmu masu tsawo da masu gadinmu za su ba ta mamaki. Abin da zai ɓata mata rai shi ne baƙuwarta ta wuni a dakali da mai ciki, mu kuma muna shirin tura hotonta da addu'a. Allah Ya jiƙanta, Ya yafe mana.

Daga baya matar jikan ta sauka lafiya, an sami mace. A daren da suka zo ni na kwana da su a gidan, kuma washegari na gaya wa Yaya Bala na janye, ba da ni za a sayar ba. Ya yi faɗa, har yanzu ba mu gama shiryawa ba. Ya tambaye ni wa zai sayi sabon kwaɗo. Na ce masa tsintsiya na saya.