Gwaggonmu ta Cikin Rijiya

A gidanmu na Kabara muna da 'yar'uwa a cikin rijiya. Kakata ta ce aljana ce, ita ta rako kakan-kakanmu daga Barno. Shi ya sa duk amaryar da aka kawo gidan sai ta durƙusa a bakin rijiyar ta gaida Gwaggo.

Da baffana ya dawo daga karatu da sabon gemu, sai ya ce wannan shirka ce tsagwaronta. Mutumin da ko guga bai taɓa ja ba! Ya sa aka toshe rijiyar da siminti, ya kira masu haƙa burtsatse. Suka yi ta huda ƙasa, ko laima ba su gani ba. Ana cikin haka busasshiyar rijiyar maƙwabtanmu ta cika taf.

Kakata ta ce, "Gwaggo ta yi yaji."

Tun daga nan muke bin layi da bokiti a gidan mutane. Da kunnena na ji baffan nan, bayan ya zura guga ya waiga hagu da dama, ya sunkuya ya ce, "Gwaggo, ina kwana? Ya baƙunta?"