Ɗorawar Kowa da Kowa

Gonar ta yayana ce, amma ɗorawar da ke tsakiyarta tawa ce. Haka Inna ta raba kafin ta rasu, kuma da kalwarta nake yin daddawar da nake kaiwa kasuwar Gaya. Yaya ya daɗe yana cewa inuwarta na cinye masa gero. Saboda haka ranar da na tarar ya kawo wani baƙo daga Kano ya zaunar a gindinta da fensir da takarda, sai na nufi baƙon kai tsaye.

"Malam, lafiya?"

Ya ce zanen itatuwa yake yi don ɗalibai. Wai tun kafin a san kyamara haka ake yi, don mai neman magani ko abinci kada ya rikita wata bishiya da wata. Ya ce a ba shi ganye da ɗan sassaƙe. Na ce a raina, to, ga boka da biro a aljihu.

Na leƙa takardar. Reshe ɗaya ne, ga jan fure yana reto, ga nunanniyar ɗorawa kusa da shi.

"Wannan ƙarya ce," na ce. "Fure ba ya jiran nuna."

Ya yi dariya, ya ce amfanin zane ke nan, yana tara shekara guda a shafi ɗaya. Ban yi dariya ba. Na fizge takardar na cusa a zani. Yaya kuwa ya kau da kai.

Bayan girbi na je bikin 'yar ƙanwata a Ajingi, kwana uku. Na dawo na tarar da kututture, masu gawayi sun gama. Ko da hannun baƙon a ciki? Har yau ban sani ba, kuma ban wanke shi ba.

Na ɗauki takardar na kai gaban mai unguwa ina kuka, na ce ga shaida, bishiyata ce. Ya juya ta ya sake juyawa.

"Baiwar Allah, zane ya yi kyau. Amma ba gona a nan, ba iyaka, ko gindi babu. Wannan ɗorawar kowa da kowa ce."

Na karɓa na duba sosai. Gaskiyarsa ne, ko ni ban gane ta ba.