Na shiga ɗakin albarushi da kaskon turare

Jiya Umma ta ba ni kasko in zaga gida da turaren wuta. Na tura ƙofar ɗakin Kawu Sani, ƙanenta da ke zaune tare da mu a unguwar Abbey Wood.

Gwangwanin albarushi biyu ne a buɗe gabansa, yana zaɓar wanda zai ɗura wa harsashin babbar bindigarsa ta hannu, wadda yake zuwa kulob ɗin harbi da ita. Garwashina kuwa sai tartsatsi yake.

"Safiya," ya ce a hankali, "kar ki gudu. Ja da baya."

"Kawu, kaskon zai suɓuce mini."

"Riƙe da hannu biyu, 'yata."

Da baya na isa kicin. Yau ko ashana na kasa ƙyastawa. Ku ma tsoro yakan kwana a hannunku haka?