Ranar da Alhaji Isuhu ya shiga teku duba aikin 'yarsa

A duk shekarun da na yi ina jagorantar masu nutso, akwai wata Asabar ta watan Satumba da ta ƙi fita raina. Ranar ce na shiga teku da Alhaji Isuhu, mutumin Maraɗi mai shagon atamfa da turare a unguwar Morrisania ta birnin nan. Ku da kuka zo mana bana, ina so ku ji labarin kafin a damƙa muku mutane.

Ga wanda bai san aikin ba, shagonmu nutso da tukunyar iska yake koyarwa. Shugabarmu Madam Karen ita ce malama, ita ke ba da takardar shaida. Ni jagora ne, ina ƙasa da ita. Aikina in shige gaba riƙe da igiyar tutar da ke yawo a saman ruwa don nuna inda muke, in kai mutane, in dawo da su yadda na tafi da su. Ba mu da jirgi, daga gaɓa muke shiga, a wani mashigin teku a unguwar Far Rockaway inda ruwa ke gudu kamar an koro shi. Ba ya lafawa sai teku ta gama cika, kafin ta soma janyewa, kuma wannan tsayuwar ruwan ba ta daɗewa. Wanda ya makara ya koma gida da kayansa a bushe. Gani kuwa, in ka miƙa hannu ka ga yatsunka, ranar ka taki sa'a.

Abin da ya kawo Alhaji shi ne 'yarsa ta fari, Hadiza. Ta gama karatun halittun ruwa, an yi mata tayin aikin duba abin da ke rayuwa a gindin gadoji da gaɓar birnin nan. Ta ce ba za ta karɓa ba sai mahaifinta ya sa albarka. Shi kuma ya ce ɗan kasuwa ne, bai taɓa sayen kayan da bai gani ba. Maimakon ya ce a'a ya huta, sai ya zo ya yi rajistar koyon nutso. Watanni yana zuwa kwamin wanka da babbar riga a kan rigar roba, har ya ci jarrabawa a wani tafki. Ƙorafinsa ɗaya ne, wai ko ba a ɗinka rigar da ɗan yalwa. Wannan Asabar ce shigarsa teku ta farko, ranar Litinin kuma masu aikin ke jiran amsar Hadiza.

Kafin a shiga, doka ce a maimaita alamun hannu. Ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe, lafiya ke nan. Ka karkaɗa tafin hannu, akwai matsala. Na ja shi gefe na ce, "Alhaji, in na yi maka zoben nan, ba gaishe ka nake ba. Tambaya ce, kuma ana iya cewa a'a."

Ya ce, "Na jiya, Malam Bala."

Ban natsu ba, don na san mu. Na taɓa zuwa dubiya asibiti, na tarar da mutum da robobi a hanci, na ce ya jiki, ya ce da sauƙi sosai. Washegari muka yi masa salla.

Muka shiga, ni a gaba, Alhaji da Hadiza a bayana, Madam Karen tana gaɓa tana lura da ruwa. Muka bi gefen duwatsu muna gangarawa a hankali. Na waiga na yi masa zobe, ya mayar mini da nasa, tsaf, ko a littafi sai haka. Muka ƙara ƙasa, na sake tambaya, ya sake amsawa. Sai na ji an ja ni ta ƙafa. Hadiza ce, ta ɗaga babban yatsa sama, wato a fita. Ba ta ma tsaya tambayarsa ba. A aikinmu duk wanda ya ce a fita, fita ake yi, bayani sai a sama.

Da muka ɗago na ce, "Me ya faru?"

Ta ce, "Kunnensa ne."

Alhaji ya tofar da ruwa ya ce, "Lahiya lau nike."

Ta ce, "Idonsa na hagu ya ƙanƙance, wuyansa ya karkace. Haka yake yi a shago in bayansa ya tashi, yana ce wa kowa lafiya."

Can Alhaji ya ce ɗan kaɗan ne. In dattijon Bahaushe ya ce ɗan kaɗan, ka kira likita. Kunnensa ne ya ƙi buɗewa, ruwa na danna shi. Da mun ƙara ƙasa, dodon kunnen na iya fashewa, jiri ya kwashe shi a wurin da bai san sama da ƙasa ba.

Madam Karen ta ce an gama, ba mai sake yin zurfi da wannan kunnen. Gaskiyarta ce. Sai dai duk abin da Alhaji ya gani a tekun bai wuce laka da dugadugaina ba. Ya dubi ruwan ya ce, "Bon, shi ke nan. Na ga wurin aikin." Hadiza ta shiga kwance maɗaurin tukunyarta. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, don ita ce ta katse nutson da hannunta, tana sane da abin da zai jawo mata.

Na roƙi Madam ta bar mu a bakin gaɓa, inda ruwa bai wuce ƙirji ba, fuska kawai za a tsoma. Ta nuna wata ciyawar ruwa ta ce da zarar ta fara tafiya, ruwa ya soma janyewa ke nan, mu fito.

Wannan karon Hadiza ce a gaba. Ta yi ɗan zagaye, ta tsaya kan wani filin rairayi, ta nuna. Alhaji ya tsoma fuska, ya ɗago ya ce, "Rairai ne."

Ta ce, "Baba, kada ka nemi kifi. Nemi ido."

Ya koma. Akwai wani kifi a ruwan nan, shimfiɗaɗɗe kamar faifai, idanunsa biyu duk a gefe ɗaya. Yakan kwanta ya ɗauki launin ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ya yayyafa wa kansa rairayi. Ni da na san shi, sai da na ɗan jima kafin na tsinci idanun. Hadiza ta kai yatsa kusa, sai rairayin ya tashi, ya yi gaba kaɗan, ya kwanta, ya sake zama rairayi. Alhaji ya bi shi. Ya rasa shi, ta nuna masa, ya sake rasa shi. Ciyawar ta fara tafiya, Madam ta busa usur, ta sake busawa, sai da na kama hannunsa sannan ya ɗago.

A gaɓa ya zura babbar rigarsa, na zuba masa shayi. Ku sani, Alhaji mutumin da ne, ba ya kiran sunan 'yar fari, ba ya yabonta a gaban mutane. Hadiza na tsaye a tsakaninmu, amma ni ya duba.

Ya ce, "Malam Bala, kihin ga, ban gane shi ba sai da ya motsa."

Na ce, "Haka yake, Alhaji."

Ya ce, "Ni ko ban motsa ba." Ya kurɓi shayi. "Shekara da shekaru ina ce ma mutanen gidana lahiya lau, ina zaton an yarda."

Ya miƙo mini kofin ya ce, "Ka ce ma yarinyar ga ta tahi wurin aikinta. Allah shi yi mata albarka."

Na juya na gaya mata, kamar yadda aka aike ni. Ta ce, "Kawu, ka ce masa na gode." Daga nan ta mayar da gilashin nutso a fuskarta, alhali a tudu muke, ta tafi wanke kaya.

Abin da na ɗauka daga ranar ke nan. Alamar hannu doka ce, ku yi ta, ku jira amsa. Amma akwai mutanen da tun suna yara aka koya musu kada su ɗora wa kowa damuwarsu, kuma ba sa ajiye wannan tarbiyyar a gaɓa tare da takalma. Irinsu za su ce muku lafiya har ƙasan teku, don kada su ɓata muku rana. Ku dubi idonsu, ku dubi numfashinsu. In kuma sun zo da wanda ya daɗe yana zaune da su a gida ɗaya, ku sa shi a gefensu, in ya ce a fita ku fita.