Muna Jamus Aka Kama Ƙaninta

Matata ce ta matsa a kan tafiyar nan. A Jidda aka haife ta, a unguwar Hindawiyya ta girma, kuma ban da zuwa ɗaya da muka yi Katsina bayan aurenmu, ba ta taɓa taka wata ƙasa ba. Ni kuwa aiki ya kawo ni, ina ɗakin gwajin jini a wani asibiti, iƙamarta ma, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin tawa take. Da ta ji wani kamfanin tafiye-tafiye yana haɗa ayari zuwa Jamus, da mota da masauki da mai zagayawa da mutane tana bayani da Larabci, sai ta hana ni sakat. Na ce mu je gida hutu, ta ce gida ba guduwa zai yi ba.

Ran da za mu tashi, ƙaninta ne ya sauko mana da jakunkuna ya loda a tasi. Ya haura talatin, gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yake yi a wani shago a unguwar Waziriyya. Tun rasuwar mahaifinsu kafilin da ke riƙe da gidan, ɗan ƙasar da ya tsaya musu a takardun zama, ya janye hannu, iƙamarsa ta mutu, ba a kuma samu wanda zai ɗauke shi ba. Haka yake aikinsa yana waiwaye. Hausa kuwa yana ji sarai, amma in ya buɗe baki rabi Larabci ne. Ya rufe mana ƙofar motar ya ce, "Yalla, Yaya, sai kun dawo."

Farkon tafiyar ba abin da zan kushe. Ayarin namu yawanci iyalan Larabawa ne, mu kaɗai ne Hausawa. Mai yi mana jagora wata Bajamushiya ce mai furfura, da Larabcinta irin na mutanen Sham, tana tafe da jar lema a sama don kada mu ɓace. Daga Munich ta hau da mu kan duwatsu, muka ga gidan wani sarki da ta ce bai daɗe a ciki ba ya mutu. Matata tana rawar ɗari a tsakiyar bazara tana dariya. Burodinsu mai gishiri ya yi mata daɗi har tana ɓoyewa a jaka. Rana kuma ba ta faɗuwa da wuri, mu yi ta jiran magariba har mu gaji.

Muna cikin jirgin ruwa a kogin Rhine, bayan azahar, jagorar tana nuna mana tsofaffin ganuwoyi a kan tuddai, wayar matata ta yi ƙara. Umma ce, mahaifiyarsu. Ban ji abin da ta faɗa ba, na dai ga matata ta dafa ƙarfen jirgin ta durƙushe. An yi sintiri a layin shagon, an kwashe su har da ƙaninta, da kayan aiki a jikinsa. An kai su tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu.

Ƙasarsu. Shi da bai taɓa ganin Najeriya ba sai a waya.

"Mu koma," in ji ta. "Yanzu, yau."

Muna sauka na shiga neman jirgi. Lokacin hutu ne, ko'ina a cike, tikitinmu kuma na ayari ne, ba a sauya shi. Na kira wani dattijo ɗan garinmu mai shagon turare a unguwar Balad, wanda ya daɗe yana ganin irin wannan. Ya ce, "Malam, ko kana bakin ƙofar a tsaye ba abin da za ka iya. In an ɗauki hoton yatsunsa, halas, shi ke nan." Umma ma da muka sake kira, cewa ta yi, "Ki dawo ki yi me? Ki taya ni zama?"

Da na faɗa wa matata sai mun jira ranar komawar ayari, ta dube ni kamar ni na kira 'yan sintirin.

"Da ƙaninka ne, da ka sami hanya."

"Wallahi na nema."

"Kai kana da gida. Shi ina za shi? Wa ya sani a can?"



Haka muka ci gaba da bin jar lema. A Cologne aka shigar da mu wata babbar majami'a da ta yi baƙi ƙirin don tsufa. Jagorar tana ba da labarin yadda yaƙi ya baje garin ita ta tsira, mutane suna ɗaga wayoyi, ni kuma ina ta duba tawa ko wani ya kira. Abin da ke damuna har yau shi ne, ginin ya burge ni. Idona yana ƙaruwa, zuciyata tana Jidda, na rasa yadda zan yi da biyun. Matata ba ta ɗaga kai ba ko sau ɗaya. A wurin cin abinci wata Balarabiya ta tambaye ta ko ba ta da lafiya, ta ce ciwon kai ne. Ba abin da za a faɗa a wannan teburin ba ne.

A Berlin, da aka tsaya wurin guntun bangon da ya taɓa raba garin gida biyu, matata ta ƙi sauka daga mota. Na zauna da ita. Can sai ga jagorar ta dawo ita kaɗai da shayi a kofin takarda, ta miƙa mata, ta zauna a kujerar gefe ba ta tambayi komai ba. Matata da kanta ta fara magana, Larabci yana ta zuba, abin da ta ɓoye wa kowa. Matar ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce ita a gabashin ƙasar ta tashi, kawunta ya tsallaka zuwa yamma tun tana ƙarama, ba ta sake ganinsa ba sai da ta zama uwa.

"Ku ai an rushe muku," in ji matata.

"An rushe," in ji jagorar, "amma kakata ba ta kai ba."

 Matata ta shanye shayin dai, wanda shi ne abu na farko da na ga ya shiga cikinta a yinin nan.

Kafin mu dawo an riga an sa ƙaninta a jirgi zuwa Kano. Daga wayar wani ya kira, muryarsa a dishe. Na tura yayana ya je ya same shi zaune a kan dakali da leda ɗaya a hannu, ya tafi da shi Katsina. Yayana ya ce a hanya, da suka wuce wata kasuwa, sai ya tambaya, da Hausarsa mai karyewa, ko a nan ma ana tare mutum a nemi takarda.

Daga filin jirgi kai tsaye muka wuce Hindawiyya. Umma tana zaune a kan darduma, takalman ɗanta suna nan a bakin ƙofa. Ba ta ko tambaye mu ya hanya ba. Tsarabar da muka sayo mata tun farkon tafiya, kunya ta hana mu fito da ita.

Bayan 'yan watanni Umma ta kira ni ta ce in zauna.

"Zan bi shi."

"Umma, ki yi haƙuri, yana hannun 'yan'uwana, ba abin da zai rasa."

"Na sani, Allah ya saka. Amma ni na haife shi a nan, ban tambaye shi ba. Ba zan bar shi can shi kaɗai ba."

Ta shigo ƙasar nan aikin Hajji tana amarya, ta fita da sanda. Matata ce ta tattara mata kaya, ta raba tukwane ga maƙwabta, ta miƙa wa mai gida makulli. Yanzu su biyu suna haya a Katsina, yana gyaran firji a bakin titi. Mu kuma muna nan. Ran Juma'a, lokacin da muka saba zuwa cin abinci wurin Umma, matata takan yi wanka ta shirya, sannan ta zauna a falo da wayarta tana jiran a kawo musu wuta a Katsina su yi caji ta kira su.