Jan Zare da Baƙin Zare a Littafin Makanike

A shekarun da nake gadin wani sito kusa da tashar jiragen ruwa ta Jidda, ni ne malamin wurin, ba don wani ya naɗa ni ba. Na iya ajami, hannuna yana da kyau, duk leburan da zai aika wasiƙa gida ni yake nema. Daga rubutun wasiƙa aka fara tambayata hukuncin rafkanuwa a salla, daga nan sai rabon gado. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, ban taɓa cewa ban sani ba. Sunan nan na Malam shi ne duk abin da na mallaka a garin, in ka cire iƙama, wato takardar izinin zama, da buta.

Sai kamfaninmu ya kawo wani makanike daga ƙasar Jos, Kirista, mutum mai sanyin hali. Hausarsa ta fi ta yaranmu na unguwar Sharafiyya da aka haifa a nan. Bayan azahar mukan zauna a inuwar babbar mota, a ci dafaffen waken da suke ce wa ful da gurasa, shi ma a cikinmu.

Wata Alhamis hira ta kai mu ga Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Makanike ya ce annabawan Yahudawa sun faɗi labarin Almasihu tun ɗaruruwan shekaru kafin zuwansa: budurwa za ta haife shi, a Baitalami, zai shiga birni bisa jaki, za a soke shi. Ya ce duk an cika.

Na ce, "Haihuwar budurwa mun yarda, ba ma jiran shaidarku. Sukan nan ne babu shi."

"Malam, a rubuce yake."

"Kawo rubutun. In ban warware maka shi ranar Asabar ba, kada wanda ya ƙara ce mini Malam."

Leburori suka ɗauki shewa. Wani dattijo Bahaushen Sudan, mai ɗinke buhunan da suka yage, ya dube ni ya ci gaba da cin gurasarsa.

Da za a tashi makanike ya miƙo mini littafin addininsu a naɗe cikin tsumma, ya roƙe ni kada in yawata da shi, don garin ba na nuna irinsa ba ne. Ya saƙala zare a tsakanin shafuka. Ya ce jan zare annabci ne, baƙin zare kuwa inda aka cika shi.

Abin da ban gaya masa ba shi ne ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba. Akwai maƙwabcina tela da zai iya karanta mini, amma yaya Malam zai je wurin tela? Bayan sallar Juma'a na zauna a ɗakina, na yi bisimilla, na buɗe littafin ta dama, yadda na buɗe kowane littafi tun ina yaro. Tururuwa kawai nake gani a jere. Na ci gaba da juya shafi, sai na ci karo da baƙin zare. Na ƙara gaba, baƙi. Sai da na yi nisa sosai kafin jan zare na farko ya bayyana.

Na miƙe tsaye don murna. Ashe labarin ne a gaba, annabcin a baya! Wato sai da abu ya faru aka zauna aka rubuta cewa zai faru. Har na yi mamakin yadda malaman duniya suka kwana a kan wannan, sai mai gadin sito ne Allah Ya buɗa wa.

Ranar Asabar na sa farar jallabiya. Na jira kowa ya zauna, na kare littafin da jikin mota, na buɗe shi a gabansu ina ɗaga zare ɗaya bayan ɗaya.

"Jama'a, wanne ya riga?"

Suka ce, "Baƙi!"

"To, wanda ya ba ka labarin ruwan jiya, annabci ya yi?"

Makanike ya goge hannunsa da tsumma, ya karɓi littafin a hankali, ya rufe shi, ya kifa shi, ya buɗe ta hagu.

"Malam, nan ne farko. Kai daga ƙarshe ka shigo."

Wani direba haifaffen Jidda ne ya fara fashewa da dariya. "Ya shekh! Ta taga ka shiga gidan mutane, kana cewa sun gina shi a juye? Halas, wallahi magana ta ƙare!" Har wani ya ƙware da ful.

Makanike bai yi dariya ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Cewa ya yi, "Ni ma in ka ba ni naku, haka zan yi."

Dattijon nan mai ɗinkin buhu ya ce, "Ɗana, wannan mutum ya kawo hujjarsa da ladabi. Malamanmu suna da amsa a kan sukan nan, sun kuma san yadda Yahudawa da kansu suke fassara ayoyin, ba kamar Nasara ba. Kai ka san ko ɗaya?"

Na duba ƙasa. Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Imanina bai motsa ba, nasa ma haka, mun kuma ci gaba da cin abinci a kwano ɗaya har kwangilarsa ta ƙare. Amma na yi alkawari a gaban shaidu, leburori kuwa ba su da mantuwa. Tun ranar suka koma ce mini Maigadi. Wasiƙa dai suna kawowa, tambayar addini kuwa sai wurin dattijo, wanda ashe ya yi shekaru yana karatu a Makka bai taɓa faɗa ba. Da wata ya kama ni ma na bi layi, ina da shekara arba'in da 'yan kai, na zauna a kan buhun shinkafa ina riƙe masa bakin zare yana biya mini babin tsarki.